Ƙarancin Maki da Neman Digiri na Biyu a Ilimin Halayyar Ɗan Adam: Nasiha ga 'Ya'yan Mafara, Bakura da Maradun

Ilimin halayyar ɗan Adam shi ne fannin da ke nazarin yadda mutum yake tunani, yadda yake ji a zuciyarsa, yadda yake koyo da mantuwa, da dalilan da ke sa ya aikata abin da yake aikatawa, kuma yana yin wannan nazari ne ta hanyar lura da gwaji da ƙididdiga. Masana sukan ɗauki shekarar 1879, lokacin da Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwajinsa a birnin Leipzig na Jamus, a matsayin mafarin fannin a siffarsa ta zamani, ko da yake malaman Musulunci irin su Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934, sun riga sun yi rubutu a kan tsoro da baƙin ciki da waswasi da hanyoyin magance su. A Nijeriya, Jami'ar Nsukka ce ta fara buɗe sashen wannan fanni a shekarar 1964. A yau akwai samari da 'yan mata daga Talata Mafara da Bakura da Maradun da ke sha'awar zurfafa karatu a cikinsa, amma da yawansu sun fito daga digiri na farko da sakamako mai rauni, kuma wannan rauni kan jefa su cikin ɗaya daga kuskure biyu: wasu su yanke ƙauna su ajiye takardu a ƙasan akwati, wasu kuma su nemi gajeriyar hanya da ke ƙarewa da asarar kuɗi da mutunci. Duka biyun ana iya kauce musu, domin tsakaninsu akwai hanya ta uku, mai tsawo amma tabbatacciya.

Kafin a shiga bayanin wannan hanya, ya dace ɗa ko 'yar da ke wannan hali su fahimci dalilin da ya sa manyansu ba sa son su karaya. A ranar 26 ga Fabrairu, 2021, an sace ɗalibai mata 279 daga makarantar sakandaren gwamnati ta Jangebe a Ƙaramar Hukumar Talata Mafara. A watan Agusta na wannan shekara aka kai hari Kwalejin Aikin Gona ta Bakura aka tafi da ɗalibai da ma'aikata. A ranar 1 ga Satumba kuma aka ɗauke ɗalibai fiye da 70 daga makarantar jeka-ka-dawo ta Kaya a Ƙaramar Hukumar Maradun. Waɗanda suka dawo daga irin wannan masifa, da iyayen da suka kwana suna jira, da mutanen ƙauyukan da aka tarwatsa, sukan ɗauki rauni wanda ido ba ya gani, wato rashin barci, da firgita idan an ji ƙarar babur, da fushi marar dalili, da ƙin komawa aji, da damuwar da ke hana mutum ci da aiki. Babban asibitin tarayya na masu lalurar ƙwaƙwalwa da ya fi kusa da wannan yanki shi ne na Kware a Jihar Sakkwato, likitocin wannan fanni kuwa a duk faɗin ƙasar 'yan ɗaruruwa ne kacal. Sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a farkon 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta amince da haƙƙin marasa lafiya, amma doka ba ta zama gaban mutum ta saurare shi. Mai yin wannan aiki shi ne ƙwararren da ya san harshen mutanen da al'adarsu da kunyarsu, kuma babu wanda ya fi ɗan gida cancanta da wannan siffa.

Mataki na farko shi ne matashi ya san ainihin inda yake tsaye, domin da yawa sukan ce sakamakonsu ba shi da kyau ba tare da sun auna shi da ma'aunin da jami'o'i ke amfani da shi ba. A tsarin maki biyar da yawancin jami'o'in Nijeriya ke bi, matsakaicin makin da aka tara a duk zangunan karatu, wanda ɗalibai ke kira CGPA, shi ne ke raba darajojin digiri: daga 4.50 zuwa 5.00 daraja ta ɗaya ce, daga 3.50 zuwa 4.49 daraja ta biyu babba, daga 2.40 zuwa 3.49 daraja ta biyu ƙarama, daga 1.50 zuwa 2.39 kuma daraja ta uku. Galibin jami'o'i suna karɓar mai daraja ta biyu ƙarama a karatun digiri na biyu, sai dai wasu sassa, musamman inda masu nema suka fi guraben yawa, sukan ɗaga sharaɗin zuwa maki 3.00 ko sama da haka. Saboda haka wanda ya fita da 2.90 da wanda ya fita da 1.90 ba matsala ɗaya ke gare su ba, kuma ba magani ɗaya za su sha ba. Na farko yana iya neman gurbi kai tsaye a inda sharaɗi ya ba shi dama, na biyu kuwa zai ɓata kuɗin fom ne kawai idan ya yi haka, domin makarantar karatun gaba da digiri kan tace takardu da ma'aunin daraja tun kafin su isa teburin shugaban sashe.

Bayan sanin daraja, sai matashi ya zauna da cikakkiyar takardar sakamakonsa, wadda ke nuna makin kowane kwas a kowane zango, ya karanta ta da idon mai neman gaskiya. Akwai wanda shekararsa ta farko ce ta ja shi ƙasa saboda ya fito daga sakandaren da ba ta da isassun malamai, amma makinsa ya riƙa hawa har ya kammala. Akwai wanda ya fara da ƙarfi sannan rasuwar mahaifi, ko biyan kuɗin fansar ɗan'uwa, ko gudun hijirar iyali ya karya shi a tsakiya. Akwai kuma wanda, idan zai faɗa wa kansa gaskiya, zaman majalisa da waya da siyasar ɗalibai ne suka cinye lokacinsa. Ɗaliban wannan zamani sun ratsa yajin aikin malaman jami'a na kusan wata 9 a 2020 da na wata 8 a 2022, 'yan Zamfara kuma sun ga rufe makarantu da katse layukan waya a watan Satumba na 2021, kuma duk waɗannan dalilai ne na gaske. Sai dai amfanin gano dalili shi ne a gyara, domin wanda bai san abin da ya kayar da shi jiya ba yana iya faɗuwa a wuri guda gobe. Malaman da ke tantance masu nema tambaya ɗaya ce a ransu, wato ko wannan mutum zai iya ɗaukar nauyin karatu mai zurfi ya kuma kammala kundin bincike, kuma tunda tsohon sakamako ya amsa tambayar da rauni, aikin matashi shi ne ya kawo sabuwar hujja wadda ta fi tsohuwar ƙarfi.

Babbar hanyar kawo wannan hujja ita ce difloma ta gaba da digiri, wadda aka fi sani da PGD, karatu ne na kimanin shekara ɗaya da aka tsara domin mai daraja ta uku, da mai babbar difloma ta HND, da wanda ya karanci wani fanni yake son sauya layi. Manomin bakin madatsar ruwa ta Bakolori ya san cewa idan damina ta ba shi kunya, noman rani na iya cika masa rumbu, muddin ya yarda ya sake sharar gona ya sake zuba iri ya kuma jure ban ruwa. Haka wannan difloma take ga mai raunin sakamako. Kuskuren da ake yawan gani shi ne matashi ya shige ta da raini, yana ganin tsani ne kawai da za a taka a wuce, alhali jami'o'i kan sa sharaɗin maki mai kyau a cikinta kafin su ba da gurbin digiri na biyu, kuma wanda ya sake fita da rauni a nan ya tabbatar da zargin da ake yi wa takardarsa ta farko. Wanda ya fito daga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara da babbar difloma shi ma ta wannan ƙofa zai bi, kuma ya kamata ya bincika tun da wuri matakin da jami'ar da yake so take karɓa, domin sharuɗɗan sukan bambanta daga wannan jami'a zuwa waccan. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba, kuma shekara ɗaya da aka kashe wajen gyara tushe ta fi shekara biyar ta aika fom ana dawowa hannu rabbana.

Haka kuma wajibi ne matashi ya bambance rassan wannan fanni kafin ya zaɓa, domin rashin sani ya fi dare duhu, kuma mutane da yawa sun biya kuɗin karatun da bai kai su inda suke nufi ba. Likitan ƙwaƙwalwa mutum ne da ya karanci aikin likita sannan ya ƙware a wannan ɓangare, shi ne ke rubuta magani, kuma ba a isa matsayinsa ta hanyar digiri na biyu a ilimin halayya. Masanin halayya na asibiti shi ne wanda ke auna yanayin marar lafiya da gwaje-gwajen da aka tsara, ya kuma yi masa jinya ta hanyar tattaunawa mai ƙa'ida. Wannan reshe shi ne ya fi tsauri wajen ɗaukar ɗalibai, yana buƙatar horo a asibiti ƙarƙashin kulawar ƙwararru, kuma wasu sassa ba sa karɓar kowa a cikinsa sai wanda digirinsa na farko a ilimin halayya yake. Akwai kuma ilimin halayyar koyo da koyarwa, da fannin jagoranci da ba da shawara, waɗanda ke ƙarƙashin tsangayar ilimi, ana kuma karantar da su a jami'o'in da 'yan Zamfara suka saba da su, irin su Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Bayero ta Kano, yayin da Jami'ar Jos da ta Ibadan suka daɗe da suna a ilimin halayya na gaba ɗaya. Malamin makaranta daga Bakura wanda burinsa shi ne ya taimaki yaran da suka ƙi komawa aji yana iya samun biyan buƙata a fannin ba da shawara, ba tare da ya ɓata shekaru yana ƙwanƙwasa ƙofar da ba a buɗe wa irin takardarsa ba.

Abu na gaba, wanda matasa suka fi gudu alhali shi ne ya fi ɗaga darajar mai nema, shi ne ilimin ƙididdiga da dabarun bincike. Mutane da yawa suna shiga wannan fanni da zaton cewa iya magana da tausayi sun wadatar, sai su tarar cewa rabin karatun lissafi ne: yadda ake zaɓar mutanen da za a yi nazari a kansu ta yadda za su wakilci sauran jama'a, yadda ake tabbatar da cewa takardar tambayoyi tana auna abin da aka ce tana aunawa, da yadda ake gane ko bambancin da aka gani tsakanin rukuni biyu na gaske ne ko katari ne kawai. Wanda ya faɗi waɗannan kwasa-kwasai a digiri na farko ya kamata ya mayar da hankali gare su tun kafin ya cika fom, ya nemi littafi ya bi shi babi-babi, ya koyi sarrafa manhajar ƙididdiga irin su SPSS a kwamfuta, ya kuma saba da karanta maƙalun bincike har ya iya faɗin abin da marubuci ya tambaya, da yadda ya bincika, da abin da ya gano. Idan aka kira jarrabawar shiga ko ganawa da malamai, nan ne ake gane wanda ya gyara kansa, domin mai daraja ta uku da ya iya bayanin tsarin bincike a nutse yakan bar tasiri a zukatan masu tantancewa fiye da yadda shi kansa yake zato.

Aikin hannu shi ma hujja ne, matuƙar an yi shi bisa ƙa'ida. Shekarar yi wa ƙasa hidima, da koyarwa a makarantar firamare ko sakandare, da aikin sa-kai a babban asibiti, ko tare da ƙungiyoyin agaji da ke kula da 'yan gudun hijira da yara masu tamowa, ko a shirin yaƙi da shaye-shaye, duk wurare ne da matashi zai ga ɗan Adam a halin da littafi ke siffantawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagorar taimakon farko na kwantar da hankali a shekarar 2011, wadda aka tsara domin mutanen da ba ƙwararru ba, kuma samun irin wannan horo abu ne da ake rubutawa a takardar neman gurbi da alfahari. Amma a nan akwai gargaɗi mai nauyi: wanda ya halarci bita ta kwana uku bai zama mai jinya ba, kuma bai halatta ya tono wa wadda aka sace labarin abin da ya same ta don ya gwada iliminsa ba, ko ya ɗauki sirrin mutane ya baza a Facebook da sunan wayar da kai. Amana ita ce jarin wannan sana'a, kuma wanda ya san iyakarsa, ya san lokacin da zai miƙa marar lafiya ga na gaba da shi, ya riga ya mallaki ɗabi'ar da malamai ke nema.

Daga nan sai batun malaman da za su rubuta takardar shaida, wadda jami'o'i kan nemi biyu ko uku. Matashin da ya bar jami'a shekara huɗu bai taɓa gaishe da malaminsa ba, sannan ya kira shi ana saura kwana biyu a rufe fom, zai samu takarda marar gishiri idan ma ya samu. Don tuwon gobe ake wanke tukunya. Abin da ya dace shi ne ya je da kansa ga malamin da ya duba kundinsa na farko, ko malamin da matashin ya fi cin kwas ɗinsa, ya gaishe shi da ladabi, ya ce, "Malam, ga inda na yi rauni, ga kuma abin da na yi don in gyara," ya bar masa kwafin takardunsa da isasshen lokaci. Idan an nemi ya rubuta dalilin neman gurbi, ya ambaci raunin sakamakonsa a jimla biyu ko uku ba tare da kuka ko ɗora laifi a kan malamai ba, sauran takardar kuma ta tafi a kan abin da yake son bincikawa. A wannan fage ɗan Zamfara yana da abin faɗa wanda wani ba shi da shi: yadda tashin hankali ke shafar karatun yara a Maradun, halin matan da aka kashe wa mazaje, tasirin gubar dalma da ta hallaka ɗaruruwan yara a yankin Anka da Bukkuyum a 2010 a kan fahimtar waɗanda suka rayu, ko fassara ma'aunan damuwa zuwa Hausa tare da gwada ingancinsu. Tambaya ƙarama, bayyananniya, wadda za a iya amsawa da kuɗi kaɗan ba tare da jefa rai cikin haɗari ba, ta fi babban take marar iyaka.

Akwai kuma ƙananan abubuwa da ke kayar da manyan buri. Cikakkiyar takardar sakamako daga jami'a zuwa jami'a ake aika ta, tana kuma iya ɗaukar lokaci, don haka ana nemanta ne watanni kafin a buɗe fom. Takardar kammala hidimar ƙasa ko ta yafewa sharaɗi ce, haka ma kiredit biyar na sakandare da suka haɗa da Turanci da Lissafi, kuma wanda yake da giɓi a nan gara ya sake zama jarrabawar tun yanzu. Sunan da ya bambanta tsakanin takarda da takarda, kamar a rubuta Muhammad a nan a rubuta Mamman a can, ko a saka Mafara a wata a cire a wata, yana buƙatar takardar rantsuwa daga kotu kafin ranar tantancewa. Hikima ce kuma a nemi gurbi a jami'a fiye da ɗaya, a kuma karanta sanarwar kowace a shafinta na intanet maimakon dogaro da abin da aka ji a bakin abokai.

Gargaɗi mafi girma ya shafi gajeriyar hanya. Mai raunin sakamako shi ne abincin dillalan da ke alƙawarin gyara maki, ko samo gurbi ta bayan gida, ko kawo digiri daga makarantar da ba a taɓa ganin ajinta ba. A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida na jaridar Daily Nigerian ya nuna yadda ya samu digiri daga wata makaranta a Kwatano ta Jamhuriyar Benin cikin mako shida, kuma a watan Janairu na 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo, lamarin da ya jefa har waɗanda suka yi karatun gaskiya cikin zargi. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma takardar bogi takan tonu ne a lokacin da mutum ya fi buƙatar mutuncinsa, bayan ya yi aure ya samu matsayi. Kafin a biya ko sisi, a tabbatar cewa Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta amince da jami'ar da kuma shirin karatun. Masu hangen Ingila ko Amurka su ma su sani cewa yawancin guraben tallafi na can suna neman daraja ta biyu babba ko abin da ya yi daidai da ita, amma wasu, kamar tallafin ƙasashen rainon Ingila, suna duba mai daraja ta biyu ƙarama idan ya haɗa da digiri na biyu, wanda ke nuna cewa gyaran da aka yi a gida shi ne ke buɗe ƙofar waje.

'Ya mace tana da matsayi na musamman a wannan nasiha. Sau da yawa makinta ya sauka ne saboda aure ko goyo ko jinyar iyaye sun haɗu da jarrabawa, kuma idan ta gama sai a ce mata abin da ta samu ya isa. Amma mace ko yarinyar da ta fito daga hannun 'yan bindiga ba za ta buɗe bakinta ga namiji baƙo ba, kuma abin da ba a faɗa ba ba a maganinsa, saboda haka kowace 'yar Mafara ko Bakura ko Maradun da ta ƙware a wannan fanni tana toshe giɓin da namiji goma ba za su toshe ba. Ya kamata ta shigar da mahaifinta ko maigidanta cikin shirin tun daga farko, ta bayyana musu tsawon karatun da kuɗinsa da amfaninsa, ta duba ko akwai tsarin karatu na ɗan lokaci da zai dace da hidimar gidanta, iyaye da mazaje kuma su gane cewa goyon bayansu sadaka ce mai gudana.

Daga ƙarshe, matashi ya shirya wa yiwuwar a ƙi ɗaukarsa a karon farko, ya kuma ɗauki hakan a matsayin bayani game da abin da ya rage ya gyara. Matambayi ba ya ɓata, kuma ziyara ta ladabi zuwa sashen da ya nema tana iya nuna masa ko maki ne, ko takarda ce ta makara, ko gurbi ne ya ƙare. Ya tanadi kuɗin makaranta da na bincike kafin ya fara, ko da ta hanyar koyarwa ko noma ko sana'ar hannu, domin barin karatu a tsakiya saboda rashin guzuri ya fi jinkirta shi da shekara ɗaya ciwo. Mutumin da ya taɓa faɗuwa, ya binciki dalilin faɗuwarsa da gaskiya, ya sake gini a hankali, ya riga ya bi da ƙafarsa irin hanyar da zai riƙa nuna wa masu zuwa gare shi neman taimako, kuma wannan sani yana ƙara wa iliminsa tausayi da haƙuri. Allah ya yi wa 'ya'yan wannan yanki jagora, ya sanya albarka a karatunsu, ya kuma dawo wa Zamfara da zaman lafiya.